Tulun Inna Tabawa

Summerfield, Greensboro
Watan Fabrairu

Zuwa ga Yaya Jimmai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara da jikoki. Yaya ƙafar taki? Khadijatu ta ce in tambaye ki ko man shafawar da ta aiko ya yi amfani, ko kuwa kin rabar wa maƙwabta kamar yadda kika saba. Mu nan Amurka lafiya lau, sai sanyi da ya ƙi tafiya. 'Yarmu Afnan tana gaishe ki. Da Turanci ta yi gaisuwar, ni na juya miki ita.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali ko jiya mun yi waya. Dalilin shi ne a waya ba na iya yi miki gardama. Da kin ce "Auta" da muryar nan taki sai in koma yaro, in ce to. Wannan maganar kuwa ba na so ta ƙare da to, shi ya sa na ɗauki biro na rubuta, na ɗauki hoton takardar na turo miki.

Kin san cutar da ta kama ni ta tara tangaran, tunda kin sha yi mini tsiya a kai. Abin da ban taɓa gaya miki ba shi ne inda ta samo asali. Kowa ya ɗauka aikina ne ya ja, tunda wuni nake ina gasa haƙoran tangaran a ɗan murhun lantarki don bakin mutane. Ba haka ba ne. Wata Asabar shekarun baya na je kasuwar magina a kudancin garin nan, na ga wani ƙoƙon shayi da wani ɗan Japan ya gina. Ja ne, a karkace, ba a shafa masa komai ba, gefe ɗaya ya yi baƙi inda wuta ta lashe shi. Ina ɗauka gabana ya faɗi, don sak ginin hannun Inna.

Tun daga ranar nake tarawa, kuma duk aikin mutanen da suke raye ne. Akwai na wani tsoho a Japan da yake gasa nasa da itace kwana da kwanaki, tokar ta narke a jikin tukunya. Akwai farar randa ta wata mata a Koriya, wadda take gina manyan kwanuka biyu ta kifa ɗaya a kan ɗaya ta haɗe su a ciki, shi ya sa ba ta taɓa fitowa daidai. Akwai kuma farantai farare masu shuɗin fure na wani saurayi a ƙasar Sin. Na haɗo miki hotunansu. Kowanne idan kika juya gindinsa za ki ga hatimin wanda ya yi shi. Na Japan ma a akwatin katako suke zuwa, magini ya rubuta sunansa a murfin da hannunsa. Masu saye kafin su tambayi komai, sunan suke fara tambaya.

To ga maganar. Akwai wani ƙaramin zauren baje kolin kayan fasaha a cikin gari, wata mata mai suna Celina take riƙe da shi. Ta nemi in fito da kayana a farkon watan Yuni mutane su gani, kowanne da ɗan kati a gabansa ɗauke da sunan maginin da garinsu. Ina so ki aiko mini da ɗan tulun nan na Inna da yake ɗakin ajiyarki, na ƙarshe da ya rage mana daga hannunta. Ina so in ajiye shi a tsakiyarsu, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da su ba tare da ya ji kunyar kowa ba. A katinsa kuma a rubuta Tabawa, mai ginin tukwane, Rafin Gora.

Alhaji Ɗantala mai shagon kayan abinci a Gate City Boulevard yana gida wajen mahaifiyarsa, zai dawo bayan ƙaramar Sallah. Na yi masa magana, ya ce zai riƙo shi a jakar hannu. Na ƙudurta wannan abu a raina, Yaya, ki taimake ni.

Ƙaninki,
Ma'aruf

*

Funtuwa
Tsakiyar azumi

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na karanta ta da tabarau na kuma karanta ta ba tabarau, ko zan ga ta canza. Muna lafiya, azumi yana tafiya, zafi kam sai godiya. Ƙafa da sauƙi. Ka gaya wa Khadijatu rabin man kawai na bayar. Afnan kuma ka ce mata ranar da ta gaishe ni da Hausa zan amsa.

Na ga hotunan. Farantan nan masu shuɗin fure sun yi kyau, ba laifi, ko a jeren amarya za su shiga. Amma wannan ƙoƙon da ka ce ya faɗar maka da gaba, da a gidan nan yake kaji zan zuba wa ruwa a ciki. Randar Koriya kuwa, da ɗaya daga cikin 'yan matan Inna ce ta gina ta haka a karkace, da ta sha ranƙwashi. Mutum ya tsallake teku, ya yi karatu har ya gaji, ya ƙare yana sayen abin da muka gudu muka bari. Allah ya shirye ka.

Tulu zan ba ka. Uwarka ce kamar yadda take uwata, ba zan hana ka ba. Amma suna ban yarda ba, kuma ka saurare ni da kyau.

Lokacin da muka baro Rafin Gora kana goye, ba ka san komai ba. Ni na sani. Ni nake ɗaukar tukwane a ka zuwa kasuwa, ni nake taka yumɓu da ƙafa kafin in tafi makaranta, kuma duk wankin da zan yi sai an gano shi a farcena. Jimmai mai laka suke kirana har na gama firamare. Akwai gidajen da in na shiga shan ruwa, a wani kwano daban ake ba ni. Da muka zo Funtuwa Inna ta ajiye ginin da kanta, ta koma sayar da ƙuli, ta ce ba za a ƙara kiran 'ya'yanta 'ya'yan magina ba. Wannan tulun ma a ɓoye ta gina shi a bayan gida, ta gasa shi da karan dawa ranar da maƙwabta suka tafi biki, don kawai hannunta ya dame ta. Abin da ta rufe da kanta, kai kake so ka buɗe wa mutanen da ko gaisuwa ba su iya ba.

Kuma kada ka ce Amurka nesa ce. Yanzu abu in ya shiga waya, kafin la'asar ya zo Funtuwa. Kai 'yarka a can za ta yi aure, inda ba a tambayar asali. Ni tawa Hanifa tana gidan sarauta, surukarta kuwa mace ce mai tone-tone, tana iya lissafo maka kakannin kowa a garin nan. Ka ajiye tulun ka kalla, ka nuna wa wanda kake so, amma ka bar Inna ta huta.

Na fito da shi jiya na duba. Ya sha hayaƙi ya sha ƙura, gefensa duk baƙi. Kada ka damu, na ji abin da ka ce, zan shirya shi yadda ba zai ba ka kunya a cikin mutane ba. Alhaji Ɗantala ya turo a karɓa ranar da ya shirya.

Yayarka,
Jimmai

*

Summerfield
Bayan Sallah

Yaya,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Muna lafiya. Alhaji Ɗantala ya iso, na je shago na karɓi saƙo. Ya ce a kan cinyarsa ya riƙe shi tun daga Abuja, ko banɗaki bai yarda ya shiga ba sai da ya ba wata mata amana.

Ban jira na zo gida ba, a cikin mota na kwance zanin. Yaya, me kika yi? Fari fat da fentin mai, da shuɗin fure zagaye da ciki, har da ratsin ruwan gwal a baki. Baƙin wutar nan da nake gani a idona duk shekarun nan babu shi. Zanen totuwar masara da Inna ta murza a kafaɗarsa ya cike da fenti, sai ka shafa da yatsa kafin ka san yana nan. Na daɗe zaune a gaban shagon ban iya tayar da mota ba, har Alhaji ya leƙo ya tambaya ko batir ne.

Abu ɗaya ya rage mana wanda hannunta ya taɓa, kin mayar da shi kamar kwanon da ake sayarwa a tasha. Kin hana ni sunanta, yanzu kin shafe hannunta ma. In da ma nufinki ke nan, a ɓoye ta gaba ɗaya, da kin ce mini ba za ki bayar ba, da ya fi mini sauƙi. Raina ya ɓaci, kuma ba zan ɓoye miki ba.

Khadijatu ta ce in bari sai na huce kafin in turo wannan takarda. Ban bari ba.

Ma'aruf

*

Funtuwa

Ma'aruf,

Muna lafiya.

Ka koma ka karanta takardarka ta farko. Kai ka rubuta kana so ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da su, kada ya ji kunya. Kai ka turo mini hoton farantai farare masu fure. Me kake so in fahimta? A gidan da aka haife ni ba a tura yaro cikin baƙi sai an yi masa wanka an sa masa riga, ko kwanon abinci za a kai maƙwabta sai an goge bayansa. Yaushe zan ɗauki tulun uwata da baƙin hayaƙi in tura shi wata ƙasa a jera shi kusa da na mutane, su ce haka suke zaune?

Cikin azumi, da ƙafar nan, na hau Keke Napep na kai shi wajen mai fentin gadajen amare a bakin kasuwa. Ban bar masa shi na tafi ba, don kada ya fasa. A kan benci na zauna da wayata a hannu ina nuna masa furen da ka turo, yana yi ina gyara masa. Ruwan gwal ɗin ni na ce a ƙara, don na Inna ya fi nasu. Da na dawo da shi gida na ajiye shi a kan tebur, na ce yau da tana nan da ta ga abinta ya zama na shiga taro.

Shi ne kake ce mini na ɓoye ta. Ni da na wanke ta da hannuna ranar da ta rasu, kana can kana neman biza.

Kada ka ƙara yi mini maganar tulun nan, a takarda ko a waya.

Jimmai

*

Summerfield
Tsakiyar watan Mayu

Yaya Jimmai,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Malam da kowa da kowa. Na kira ba ki ɗauka ba, na sa Khadijatu ta kira kin ɗauka, kun yi hirar daddawa da kuɗin gas, da ta ce ga ni sai layi ya lalace. Na gane. Labarin ƙafarki a wajen Hanifa nake samu, ta ce kin koma asibiti an canza miki magani. Allah ya ƙara sauƙi.

Kin ce kada in ƙara maganar. Zan yi ta sau ɗaya, don akwai abin da ya kamata ki ji daga bakina kafin ki gan shi a waya.

Da farko ki yafe mini. Na koma na karanta takardata kamar yadda kika ce, na ga abin da kika gani. Ni na daɗe a cikin mutanen da baƙin wuta shi ne adon tukunya a wajensu, har na manta cewa a gida wanke shi ake yi. Maganar da na gaya miki ta ɓoye Inna ba ta dace ba, na yi nadamarta.

Na kai tulun wajen wata mata da take gyaran tsofaffin tangaran. Ta gwada da auduga da wani ruwan magani a gindinsa, inda ba a gani. Ta ce yumɓun da aka gasa a fili da kara yana shan fenti kamar yadda burodi yake shan shayi, in ta matsa sai ta cire, fatar tulun za ta biyo. Na ce ta bar shi. Da na dawo gida na zura hannu a ciki, inda mai fenti bai kai ba, sai na ji sawun yatsunta a jere tun daga gindi har wuya, inda ta riƙa danna yumɓun tana ja. Yatsuna sun fi nata girma, ba su shiga ba. Na Afnan suka shiga daidai.

Celina ta so in janye shi. Ta ce masu tara irin waɗannan kaya za su zo daga nesa, kuma fentin mai a tsakiyar kayan nan zai ja magana. Na ce mata in babu shi babu sauran, in kwashe kayana in mayar gida. Ta dube ni ta ga da gaske nake. An ba shi wuri tsakanin randar Koriya da ƙoƙon da kika ce na kaji ne, za a sa ɗan fitila a saman bakinsa don a ga cikin.

Saura kati. Ba zan rubuta sunanta ba tare da izininki ba. Ke ce babba, ke kika ɗauki tukwanen a ka, ni ban ɗauka ba. Na roƙi Celina a bar shi babu kati, ta ce ba a yin haka, duk abin da aka ajiye sai an faɗi wanda ya yi shi. In kuma ba a da suna, akwai kalmomin da ake sawa a ko'ina a duniya, su za ta sa: "Ba a san wanda ya gina shi ba. Arewacin Najeriya." Na ga samfurin jiya. Ya yi mini ciwo, amma na ce mata to. Ƙarshen mako mai zuwa za a kai katunan wajen bugawa.

Ko kin amsa ko ba ki amsa ba, ranar buɗewa zan tsaya kusa da shi da babbar riga. Wanda ya tambaye ni zan ce daga gida aka aiko mini, ba zan ƙara komai ba.

Ƙaninki,
Ma'aruf

*

Funtuwa
Ranar Laraba

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa ta yi sauƙi, sabon maganin ya karɓe ni. An yi ruwan farko shekaranjiya, gari ya yi sanyi. Na yafe maka, ba don ka iya ban haƙuri ba, don dai ba ni da wani ƙanin.

Yanzu ka gaya mini, wace ce wannan Celina da za ta ce ba a san wanda ya gina shi ba? Ita ce ba ta sani ba. Ina raye, da hankalina, za a buga a takarda a ce ba a san uwata ba? Na karanta layin nan ina tsaye a kicin, sai da na nemi kujera. Ni abin da na ce a yi shiru. Ban ce a yi mata ƙarya ba. Matar da ake zuwa tun daga ƙauyuka uku a yi layi a ƙofar gidanta kafin bikin aure, wadda in ta ƙwanƙwasa tukunya da yatsa ta ce wannan za ta tsage, ko wata ba a yi sai ta tsage. Mata suna cewa ruwan randar Tabawa ya fi na kowa sanyi. A gabana ta gina tulun nan, ni na tsinko mata totuwar, ni na yi gadin ƙofa tana gasawa. Kuma kai ka buɗe baki ka ce to. Ashe ba a wayata kaɗai kake cewa to ba.

Na kira yaran na gaya musu abin da zan yi. Hanifa ta yi kuka, ta ce in tuna gidan da take, surukarta za ta samu abin yi har shekara ta zagayo. Gaskiyarta ne, za ta sha magana, kuma na san zafin irin maganar fiye da ita. Ta tafi ba ta yi mini sallama ba, har yau ba ta kira ba. Na ce mata kafin ta fita: "Da laka aka yi mini kuɗin makaranta, da albashin makarantar na yi miki kayan ɗakin da kike taƙama da shi. In an tambaye ki, ki faɗa da bakinki kafin a faɗa miki." Ban san ko za ta huce ba. Inna ta rufe abin nan don ta kare mu muna ƙanana, yanzu ni kaina na yi jika, ba abin da ya rage da za a kare.

Ka je wajen matar nan tun kafin a buga, kada ka tsaya jiran ƙarshen mako, na san halinka. Ga abin da za a rubuta, kuma kada a rage ko harafi:

Tabawa 'yar Magaji Ɗanbaba, mai ginin tukwane, Rafin Gora. Ta koya a wajen uwarta, uwarta ta koya a wajen tata. Ta gina wannan a Funtuwa.

Ka sa a rubuta da Hausa a sama, Turancin ya biyo a ƙasa. Babbar rigar kuma ka ba Khadijatu ta duba kafin ka sa, kada ka je mana da wadda ta yi maka kaɗan.

A ƙarshen katin ka ƙara layi ɗaya, ka ce fentin 'yarta Jimmai ce ta sa aka yi. Kada wani ɗan Japan ya zo ya duba, ya tafi yana zaton Inna ba ta san aikinta ba.

Yayarka,
Jimmai Tabawa